An Mai Da Ɗakin Kakata Wurin Tausa

Kafin wani ya rubuta min "ki yi haƙuri" a ƙasan wannan rubutun, ina roƙonsa ya karanta har ƙarshe tukuna. Tun ranar Talata nake jin kalmar nan, daga bakin uwa da uba da maƙwabta, har da matar da ke ɗinka min kayan biki. Ta ishe ni haka.

Ga waɗanda yau suka fara haɗuwa da ni, sunana Nuzla, 'yar Weligama ce ni, wani gari a bakin teku kudu da Colombo, zanen gine-gine na karanta a Colombo. Cikin watan Disamba aka sa ranar aurena da Rimzan. Bari in faɗa tun da wuri, babu wanda ya yi min dole. Ni na gan shi na ce ina so. Har yanzu da nake wannan rubutun cike da haushi, in wayata ta yi ƙara na ga sunansa sai gabana ya faɗi kamar ranar farko. Abin da ya fi ƙona min rai ke nan.

Kakata ta wajen uwa, Ummamma, tana da fili a bakin ruwa, bayan kwanar da masunta ke jan kwale-kwalensu. A nan ta yi aure, a nan ta haifi Umma, a nan ruwa ya ɗauke mata miji shekarar tsunami, ya bar mata ɗaki biyu da rijiya da bishiyoyin kwakwa. An yi an yi ta dawo cikin gari, ta ƙi. Kun san yadda muke, gidan uwa na 'ya mace ne, ango shi ke tarewa. Umma kaɗai Ummamma ta haifa, ni kaɗai ce mace a wurin Umma, saboda haka kowa a unguwa ya san wanda ya aure ni da filin nan zai haɗa.

Rimzan ɗan Beruwala ne, mahaifinsa dillalin duwatsu masu daraja, shi kuma ya daɗe yana aikin otal a Dubai. Ranar da ya fara zuwa gidanmu bai tambayi ko na iya dafa shinkafar biriyani ba, zanena ya ce in nuna masa. Ya zauna a kujerar falo, shayinsa ya huce, yana juya takardun a hankali. Ya ce min daga Ahangama har Dikwella baƙi ne ke saye gaɓa suna gina gidajen hutu, masu filin kuma su ƙare a gadin ƙofa. Ya ce mu me zai hana mu gina namu, ni in zana, shi ya kawo kuɗi da baƙi, mu zauna a ciki. Wace mai zane ce za ta ji wannan ba ta narke ba? Ni dai na narke.

Na kwashe watanni a kan zanen. Ban yi irin akwatunan gilashin nan da ake dasawa a gaɓa ba, waɗanda iskar gishiri ke cinyewa kafin damina biyu. Gida na zana mai ƙasa-ƙasa, da doguwar baranda, da rufin jan tayil irin na mutanen da, mai saukowa sosai don ruwan sama ya zuba nesa da bango. Daɓen siminti mai sheƙi, mai sanyi a tafin ƙafa ko da rana tsaka. Ginshiƙan katako kuwa ni na bi masu rusa tsofaffin gidaje na tsinto su ɗaya-ɗaya. Tsakar gida a buɗe, da ɗan ruwa a tsakiya, iska ta shigo daga teku ta ratsa kowane ɗaki ta fice ta baya. Tafkin wanka dogo siriri, in kana baranda ba za ka gane inda ya ƙare teku ta fara ba. Ban sare kwakwa ko ɗaya ba. Inda bishiya ta tare hanya, rufin ne ya kauce mata.

Ɗaki biyar ne. Uku na baƙi, ɗaya a sama namu ni da Rimzan, ɗaya a ƙasa na Ummamma. Wannan na ƙarshen shi na fi ɓata wa lokaci. Gwiwoyinta sun gaji, a kujera take sallah, sai na zaunar da ita a kan kujerar na auna daidai idonta, na sauke tagar har can, don in ta idar ta ga ruwa ba sai ta miƙe ba. Da wannan alkawarin ta yarda aka rushe mata ɗakunanta. Abin da kawai ta ce shi ne, "Ku dai bar min inda zan riƙa ganinsa." Ban tambaye ta ruwan take nufi ko kakana ba.

Tun daga nan take ɗakina a gidanmu na cikin gari. Ba ta iya barci sosai. Ta ce garin nan ba shi da sauti sai ham ɗin motocin haya da talabijin ɗin maƙwabta. Duk Juma'a sai ta tambaye ni ko an gama.

Bayan an yi rufi an gama shafe, Rimzan ya ce in daina zuwa wurin aikin. Wai saura fenti da kayan ɗaki, amarya ba ta yawo a rana, kuma yana so ya ba ni mamaki. Umma ta goya masa baya, ta zaunar da ni a gida tana dirza min kurkum da madarar kwakwa. Ni kuma ina ta murmushi kamar wata sokuwa. Ku yi min dariya, na cancanta.

Ranar Talata ina wurin tela, ina tsaye cikin farar rigar bikin, dogon hannu na leshi, an soke ta da allurai tun daga wuya har ƙugu, sai saƙon ƙawata Shafna ya shigo. "Nuzi, wannan ba gidanki ba ne?" Ta haɗo da shafin masu kama ɗakin hutu.

Gidana ne. Barandata ce, ginshiƙaina ne, ga tafkin yana sheƙi da yamma. An raɗa masa wani sunan Turanci mai nufin numfashin teku. A ƙasa an rubuta ɗaki biyar na haya. Na sake karantawa, biyar dai. Ɗakinmu na sama an sa masa furanni a gado, an kira shi ɗakin amarci, kuma an kame shi tun daga farkon Disamba har Maris, har da makon aurenmu. Na biyar ɗin wani ɗaki ne da aka yanko daga sito. Na Ummamma kuwa ba ya cikin lissafin ma, an sa hotonsa daban: wurin tausa. Can ƙarshe, inda ake faɗar wanda ya zana gidan, sunan Rimzan ne zaune shi kaɗai.

Telar tana cewa in daina motsi allura za ta soke ni. Na ce ta soke.

Na rubuta masa, "Ɗaki nawa ne na haya a gidan?"

Ya karanta. Ya fara rubutu, ya goge, ya sake farawa.

"Wa ya nuna miki? Mamaki na so in ba ki."

"Ka ba ni. A ina za mu kwana ranar aurenmu?"

"Gidanku mana, na ɗan lokaci. Lokacin baƙi ne, Nuzi, ke ma kin sani."

"Ummamma fa?"

"Tsohuwa da masu kayan wanka a wuri ɗaya? Don mutuncinta na yi."

"Sunana fa?"

Ya turo fuskar dariya da zuciya ja. "Ni da ke ai ɗaya ne."

Ku da kuke karantawa ku gaya min, in ni da shi ɗaya ne, me ya hana a sa nawa?

Na iske Umma a kicin tana matsa taliyar shinkafa ta dare. Na ɗora mata wayar a gaba. Ta duba, ta goge hannu a zani, ta ci gaba da aikinta. Ta ce gida ba ya guduwa, baƙi za su tafi mu shiga. Ta ce an raba katin gayyata, an kama zauren biki, mutanen Beruwala sun yi ɗinki. Ta ce in aka ji amarya ta tayar da rigima a kan suna a waya, wa zai sake kallon gidan nan, ga shi dama 'yan'uwan mahaifina suna cewa karatuna ya yi yawa, shekaruna sun ja. Mahaifina, Wappa, da ya dawo daga shago aka gaya masa, cewa ya yi a bi komai a hankali. Sai Umma ta rage murya ta ce kada in kuskura Ummamma ta ji.

Ummamma kuwa kunnenta ba ya toshewa sai an ce ta sha magani. Da safiyar Laraba na fito wanka na same ta ta ɗaura koren sarinta na zuwa unguwa, dogon zanin nan da matanmu ke naɗawa, ta rufe kai da gefensa, ta riƙe sandarta. Ta ce in tsayar mana da adaidaita.

Abin da ya fara tarbar mu katanga ce. Doguwa, ruwan toka, ta tafi har bakin yashi, ta haɗiye 'yar hanyar da na bar wa masunta. Maigadin sabo ne, bai san mu ba. Ya kira manaja, wani matashi cikin farar riga mai guga, ya dube mu daga sama har ƙasa ya ce in wanki muka kawo ko aiki muke nema mu zagaya ta baya, akwai baƙin gwaji a ciki. Na gaya masa ni na zana ƙofar da yake tsaye a bakinta. Ya ce maigida bai taɓa ambata masa ba. Na kama hannun Ummamma muka wuce ta gefensa.

An toshe barandar da gilashi, injin sanyaya ɗaki yana ta gurnani inda iska ya kamata ta bi. A tsakar gida, kusa da ruwan, an kafa kanta an jera kwalabe. Kwakwa biyu an sare su don gadajen shan rana su samu wuri. Kuma duk da haka gidan yana da kyau. Ba zan yi muku ƙarya ba, yana da kyau har sai da hawaye ya cika min ido, kamar ka ga ɗanka an yi masa ado a hannun wanda ya sace shi.

Ɗakin Ummamma yana ƙamshin man tausa. Wani siririn gado mai rami a wajen kai, tawul a nannaɗe, kyandir a kowace kusurwa. Tagar kuma babu. An cike ta da bulo har sama da kaina, an bar ɗan tsagi na gilashi mai duhu, don kada masu wucewa su ga baƙi a tuɓe.

Na jira ta yi kuka, ko ta tsine wa wani. Ta taka a hankali ta ɗora tafin hannunta a bangon, ta kasa kunne wajen teku.

"Ana jin sa dai," in ji ta. Sannan ta juyo. "Gadona na ƙarfe yana nan a sitonku?"

Na ce yana nan.

"To nemo mota, 'yar nan."

Jiya Alhamis da hantsi, Umma ta tafi kasuwa, Wappa yana shago, muka loda gadon a akori-kura, da akwatinta na kwano, da kujerar sallah, da risho. Na biya na ɗauko maginin da ya yi mana aikin bango, da gudumarsa. Manaja ya yi ta zarya yana kiran waya, Rimzan kuwa yana Colombo. Na ce wa maginin bulon nan ba ya ɗauke da komai, ya fasa, in an tambaya ni ce. Kafin azahar haske ya shigo. Aka fitar da gadon tausa aka jingine shi a baranda. Ummamma ta yi sallarta a kan kujera, ta shafa addu'a, ta zauna tana kallon ruwa ta cikin ramin da ko firam babu. Ban taɓa ganin bayanta ya miƙe haka ba tun da ta bar nan.

Daga nan ta kunna risho a bakin ƙofarta ta hau soya busasshen kifi da albasa da barkono. Wanda ya san warin nan ya san ba gilashin da ke tare shi. Ni kuwa abin da nake so ke nan. Ina so baƙin su toshe hanci su haɗa kayansu, su rubuta a shafin cewa gidan yana warin kifi.

Sai ga mata da miji sun fito daga tafkin, jajaye kamar an gasa su, matar ta yafa ɗan ƙyalle. Suka tsaya suna murmushi. Ummamma ba ta iya ganin baƙo ta ƙyale shi, ko da tsirara ya zo. Ta nuna musu tabarma, ta dafa musu shayi, ta gutsura musu mazarƙwaila, ta koya musu yadda ake cizo a kurɓa. Suka yi ta ɗaukar hoto. Ni ina gefe ina cizon haƙora.

Da la'asar Umma ta iso, baƙar abayarta duk ƙura, ko fil ɗin mayafi ba ta tsaya sokawa daidai ba. Ta ja ni gefen gadon tana faɗa ƙasa-ƙasa. Wai na zubar musu da mutunci, na ɗauko tsohuwa na shigo da ita cikin masu shan giya, in ina so in kashe aurena in kashe amma ban da uwarta a ciki. Ta ce in kira motar nan yanzu a kwashe komai kafin Rimzan ya gani.

Ba ta rufe baki ba ya shigo. Farar shat, hannu a naɗe, tabarau a saman kai, da turaren nan da ni na saya masa. Na shirya wa tsawa. Sai na ga yana murmushi, kuma murmushin ne ya tsorata ni.

Ya gaida Ummamma, ya gaida Umma, ya dubi ramin tagar ya ce ba komai, za a sa firam mai kyau. Ya fito da waya ya nuna mana hoton da baƙin suka ɗora, Ummamma tana zuba shayi, teku a bayanta. Ya ce tun yana hanya mutane ke tambaya ko su ma za su samu.

"Mami," ya ce da Umma, "a bar ta ta zauna, ni na yarda. Kawai kullum da yamma ta riƙa ɗaura koren sarin nan ta dafa wa baƙi shayi a baranda. Mu sa a shafi, shayin kaka. Kifin ne dai za a daina. Da safe kuma a ɗan matsar da gadon, saboda masu tausa."

Ummamma ta ci gaba da jan carbinta kamar ba da ita ake ba.

"Sake faɗa in ji," in ji Umma.

Ya sake faɗa, har da ƙarin cewa Turawa suna son abin gargajiya.

"Uwata za ka sa a shafi."

"Mami, ba haka nake nufi ba."

"Kusa da kuɗin ɗaki za ka rubuta ta, ko kusa da na tausa?"

Tunda nake ban taɓa jin muryar Umma ta yi sanyi irin haka ba. Ta tuɓe takalmanta, ta hau gadon ƙarfen ta zauna kusa da uwarta, ta tanƙwashe ƙafa. Ta ce in kira Wappa in ce ya taho mata da katifa da tukunyarta, nan za ta kwana. Na kira shi. Bai tambayi dalili ba, ya ce ga shi nan.

A nan murmushin Rimzan ya ɗauke. Ya roƙe ni mu ɗan keɓe. Muka tsaya a bakin tafkin, wurin da na taɓa zana mu a zuciyata muna shan iska da yara. Idonsa ya yi ja. Ya ce kuɗin aikin sun fi ƙarfinsa tun a tsakiya, kuma bai iya fuskantar mahaifinsa ba, bai iya fuskanta ta ba.

"Nuzi, gidan nan ba a hannuna yake ba. Na ba wani kamfani hayarsa, shekara goma. Su suka ce a toshe tagar, su suka sa katanga. Jibi mutanensu za su zo dubawa."

Na ce ƙarya yake, ba shi da ikon ba da filin da ba nasa ba. Ummamma a hannun Wappa ta danƙa amanar filin lokacin da za a fara gini, ba a hannunsa ba.

"Wappanki yana wurin," in ji shi. "Shi ya ce kada a gaya muku sai bayan biki."

Ya kama gefen mayafina ya ce in na tsaya tare da shi za mu samu mafita, shekara goma ba mutuwa ba ce, yana sona. Na yarda yana sona, ku ji wani abin takaici. Amma na tuna Ummamma ta haura tamanin. Na zare mayafina daga hannunsa na ce ya je ya gaya wa mahaifiyarsa babu biki a Disamba. Ya tambaye ni sai yaushe. Na ce ya tambayi kamfanin.

Na koma ɗakin na faɗa musu komai, a tsaye, ban rage ko kalma ba. Ummamma ta tsayar da carbinta. Umma ta gyara zama a kan gadon. Shekara talatin tana zuba wa mahaifina ruwan wanke hannu, tana ce mana babu mai amana irin Wappanku.

Sai muka ji ƙarar babur a bakin get, da muryarsa yana yi wa maigadi sallama. Na leƙa na hango shi, farar hularsa a kai, katifa a naɗe a bayansa, tukunya na reto a hannun babur ɗin. Na yunƙura zan fita. Umma ta riƙe min hannu da ƙarfin da ban san tana da shi ba. Ta sauko daga gadon, ta gyara mayafinta, ta soke fil ɗin a nutse.

"Zauna da kakarki," ta ce. "Wannan nawa ne."